Maratayi Marar Ƙofa

Ni mutum ne mai son a fara abu daga farkonsa. Saboda haka zan fara da gidan, sannan sana'ar, sannan tatsuniyar. Abin da ya biyo bayan tatsuniyar zan faɗe shi in an zo wurinsa.

Gidanmu yana Kurfi, a cikin dukawa, bayan kasuwa. A lokacin Turawa ba su daɗe da shigowa ƙasar Katsina ba. Ni ban ga ko ɗaya da idona ba sai da na girma, amma ana jin motsinsu ta bakin dagaci. Mu biyar ne a gidan: mahaifina da muke kira Baba, mahaifiyata Inna, ni, ƙanwata Delu, da kakata ta wajen uba wadda kowa ke kira Iya. Sunan mijinta marigayi aka sa mini, don haka ba ta kirana da suna, Maigida take ce mini. In na yi mata laifi sai ta ce gobe za ta je wurin alƙali a raba auren. In na tsinto mata ɓarin goro sai ta ce ta fasa, za ta ƙara haƙuri da ni shekara guda.

Baba shi ne ɗanta na fari, kuma Iya tana da kunya irin ta mutanen da. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ba ta duban fuskarsa, ba ta cin abinci yana wurin. In tana da magana da shi, ko da yana zaune kusa da ita, ni take wa: "Maigida, gaya wa mutumin nan fatar jiya ta yi kauri." Shi kuma ya ce mini, "Ka ce mata na ji." A haka na tashi na same su, kuma ban ɗauke shi wani abu ba.

Aikin gidan a rabe yake. Baba ke yanka fata ya haɗa jikin jaka, da zabira, da alabe, da gafakar malamai. Iya ke yin maratayi da hannu. Takan ce kowa jikin jaka yake dubawa a kasuwa, amma maratayi ke kai ta gida. Yadda take yi kuwa ba ya sakewa. Da farko ta jiƙa jemammiyar fatar akuya har ta yi laushi. Na biyu ta yanka ta tsawon kamu biyu, faɗin yatsu uku. Na uku ta shimfiɗa tsumman saƙi a ciki don kada ta ci kafaɗa, ta naɗe. Na huɗu ta huda da basilla ta bi da zaren fata, layi biyu. Na biyar ta haɗa shi da kunnuwan jaka, kuma a nan ne ƙa'idar gidanmu take. Kunne ɗaya ana ɗinke shi tam. Ɗaya kunnen kuwa ɗinki uku kawai ake yi masa da siririn zare. Wannan wurin shi muke kira ƙofa. Zai ɗauki kayan yau da kullum shekara da shekaru, amma in aka fizge shi da ƙarfi zai saki. Dalili shi ne mutanenmu a ƙirji suke rataya jaka, daga kafaɗa zuwa kwiɓi. In ƙaya ta kama ta mutum yana bisa jaki, ko ɓarawo ya fizga, gara jakar ta tafi mai ita ya tsaya. Wanda ƙofarsa ta saki yakan kawo a mayar masa, ba a karɓar komai.

Bayan an ci tuwo, Iya takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta. Ba don ɗumi kaɗai ba, da haskenta take ƙarasa ɗinkin yini. Ni da Delu mu zauna a kan tsohon buzu, warin fata da hayaƙi suna haɗuwa, Inna tana can tana kaɗi tana saurare ba tare da ta nuna ba. Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta soka basilla a fata, ta ce, "Ga baƙuwa ta yi sallama." Mu ce, "A shimfiɗa mata." In ta gama ta ce, "Baƙuwa ta ɗauki takalmanta." Tana da tatsuniyoyi da yawa, na namun daji da na aljanu, amma wadda na fi so ita ce tatsuniyar farke ɗan fatauci da maratayi, domin komai nata a jere yake, ɗaya, biyu, uku.

Wai wani farke ne maratayinsa ya saki a hanya, turarensa ya zube a ƙasa. Ya zo wurin wata tsohuwar badukiya a fusace, ya ce ta ɗinka masa wanda ba mutum ba aljan mai iya tsinka shi. Ta ce ba a yi. Ya dawo, ta ce ba a yi. Ya dawo na uku ya zauna a ƙofarta ya ƙi ci ya ƙi sha, har ta gaji ta ɗinka masa da fatar ɓauna da jijiyar raƙumi, ba ta bar ƙofa ba. Ya kama hanya. A daji ɓarawo ya fizgi jakar, hannun ɓarawon ya goce, farke ya wuce yana dariya. Gaba kaɗan farar ƙaya ta kama ta, sai itacen ya tumɓuke da saiwarsa, farke ya ja shi har gari ya sayar wa masu tuwo. A nan Delu takan kwanta da dariya. Sai ya iso babban kogi. Yana tsakiyar ruwa kada ya ji ƙanshin kilishin da ke jakar, ya kama ta. Farke ya ce, ɗauki jakar ka bar ni. Kada ya ce, to ba ni. Ya nemi ya cire, ta shaƙe shi. Sai ya shiga waƙa, Iya tana rera ta da ƙaramar murya:

"Maratayi sake ni, sake ni in ga gida."

Maratayi ya amsa, ta yi muryar da kauri:

"Kai ka ce kada in saki, ni ba ni da baki biyu."

Sau uku suna yi. A na ukun ruwa ya rufe kan farke. Daidai nan Iya takan datse zare da haƙori, ta ce baƙuwa ta ɗauki takalmanta.

Ina da shekara takwas ko tara, bayan girbi, aka aiko wa dagaci ya ba da mutane su ɗauki kayan Turawa zuwa kudu. Ba a faɗi gari ba, ba a faɗi ranar dawowa ba. Mai unguwa ya bi gida gida, ya tsaya a namu. Baba ya ce shi kaɗai ne namiji a gidan. Mai unguwa ya ce ya sani, shi ma aiko shi aka yi. Aka ba su kwana biyu.

Baba ya haɗa wa kansa jaka mai ɗan girma, wadda za ta ci garin gero da ƙuli-ƙuli da layunsa. Ya ajiye ta inda ya saba ajiye wa Iya aiki. Ta fara tun azahar. Ta auna maratayin gajere, don mai kaya a ka ba ya son jaka tana lilo. Ta ninka fatar biyu. Ina zaune ina bin aikin a raina, na farko, na biyu, har na biyar. Ta ɗinke kunne ɗaya tam. Ta juya ɗayan, na jira in ga siririn zare, sai na ga ta ɗauko jijiya. Ta bi shi, ta dawo, ta sake bi.

Na ce, "Iya, kin manta ƙofa."

Ta ce, "Maigida, ka cika ido. Da haka kake duba tukunyata da na huta."

"Amma kin ce ba a yi."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Inda za shi wa zai mayar masa in ta saki? Abincinsa na ciki."

Da safe ba ta fito zaure ba, uwa ba ta rakiyar ɗan fari. Ta miƙo mini jakar ta bayan asabari ta ce, "Kai wa mutumin nan." Baba baduku ne ɗan baduku. Ya bi maratayin da babban yatsa har kunnen farko, ya bi har na biyu, ya tsaya. Wuƙar yankan fata tana gefensa, kuma kwance ɗinkin ba zai ɗauke shi lokacin shan fura ba. Ya dubi wuƙar, ya dubi wajen ɗakin Iya. Ya daɗe. Sannan ya rataya jakar ya ce mini, "Ka ce mata ya yi." Na je na faɗa. Ta ce, "To."

Rani ya wuce ba labari. Damina ta sauka, muka koma hura wutar a cikin ɗakinta saboda ruwa da sauro. Ƙanen Inna ya riƙa zuwa yana yanka fata don kada aiki ya tsaya. Iya ba ta taɓa tambayar kowa ko an ji wani abu ba. Amma in baƙo ya yi sallama a zaure, basillarta takan tsaya har sai ta gane muryar.

A cikin wannan damina ne tatsuniyar farke ta fara lalacewa, a ganina na lokacin. Ba mu muke roƙonta ba, ita ke ɗauko ta, kusan kullum. Ɓarawo yana nan, farar ƙaya tana nan, amma da an iso kogi sai labari ya kauce. Ran nan ta ce ashe a zangon da farke ya kwana ɓera ya ɗan ci maratayin, kada na ja sai ya tsinke, farke ya haye. Wata rana ta ce wani masunci ne ya zo da wuƙa a cikin kwalekwale. Wata rana kuma wai kadan tsoho ne, haƙoransa suka zube a jikin jakar, ya koma yana kuka yana neman kunu. Delu ta fi son wannan. Ni kuwa raina ya ɓaci.

Na ce, "Iya, ba haka take ba."

"Kai ka haife ta?"

"Da cewa kike ruwa ya rufe shi."

"Da ɗin ban ji labarin da kyau ba. Yanzu aka gyara mini."

"Wa ya gyara miki?"

"Ji mini mutum. Miji sai bincike, ba cefane."

Ta mai da abin wasa, ni ban ɗauke shi wasa ba. Abu in an faɗe shi iri ɗaya, iri ɗaya ne. Na san ta ɗinke jakar Baba ba ƙofa, na kuma san tatsuniyar, amma a kaina kowanne da wurin da na ajiye shi, ban taɓa haɗa su ba. Abin da ya dame ni shi ne an ɓata mini jeri. Sai wani maraice, ana yayyafi, ta soka basilla ta ce baƙuwa ta yi sallama. Delu ta ce a shimfiɗa mata. Ni na ƙi faɗa.

"Maigida, baƙuwa na tsaye."

Na ce, "Ni ba na shimfiɗa wa maƙaryaciya."

Inna ta yi magana daga inda take kaɗi, abin da ba ta saba ba. Ta ce, "Kai, bar tsohuwa ta faɗi abinta."

Iya ta ce, "Ƙyale shi, gaskiyarsa." Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, irin duban da ba ta iya yi wa ɗanta. Sannan ta faɗe ta daga farko, ba ragi ba ƙari. Ba ɓera, ba masunci. Ta rera waƙar sau uku, ta yi muryar maratayi da kauri kamar da. Ruwa ya rufe kan farke. Ba ta datse zaren ba, ta bar shi yana reto. Ta ce, "Ga ta yadda take. Ka ji daɗi?" Na ce na ji. Kuma na ji ɗin. Na rubuta wannan ne don haka aka yi.

Bayan girbin shekarar, da hantsi, limamin unguwa ya yi sallama tare da wani ramammen mutum. Sunansa Tanko, mutumin Barkiya, tare aka ɗebe su da Baba. Iya tana tsakar gida tana jiƙa fata a kwatarniya. Liman ya ce baƙon yana son gaida ita. Tanko ya durƙusa nesa kaɗan.

"Sannu, Iya."

"Sannu ɗan nan. Daga ina?"

"Daga inda aka kai mu."

"Kun dawo ke nan."

"Wasunmu."

Ya zaro jakar daga cikin rigarsa ya ajiye a ƙasa. An yanke maratayin a tsakiya. Inna ta gani, ta shige ɗaki, muka ji kukanta. Iya ta tsame hannunta daga ruwa ta goge a zane.

Ta ce, "Ciwo ne?"

"Ruwa ne, Iya."

Ya ba da labari a hankali. Tsakiyar damina aka sa su haye wani kogi da ya cika, kaya a ka, suna riƙe da igiya. Ƙafar Baba ta zame. Ya yar da kayan, kuma ya iya ruwa, har ya kusa gaɓa. Sai jakar ta maƙale a reshen wani itace da ke kwance a ƙarƙashin ruwa, igiyar ruwa ta juya shi, maratayin ya ɗaure shi ta hammata da wuya. Ba mai wuƙa a cikinsu, tun farkon tafiya sojojin da ke rakiyarsu suka karɓe. Kafin wani soja ya iso da tasa, an gama. Suka yi masa sutura da abin da ya samu suka rufe shi a bakin kogin.

Iya ta jawo jakar. Ta duba kunne ɗaya, ta juya ta duba ɗayan. Ko zare ɗaya bai motsa ba.

Ta ce, "Kun ja shi?"

"Mun ja. Mu uku, ni da wani mutumin Dabawa da wani da ban san garinsu ba."

"Bai saki ba."

"Bai saki ba, Iya. Kwana ne ya ƙare."

Tanko ya so ya ba ta abin da za ta riƙe. Ya ce duk zangon da aka sauka sai Baba ya nuna musu maratayin. Na kowa ruwan sama ya ruɓar da shi, ana ta ƙulle-ƙulle da igiyar rama, nasa kuwa yana nan kamar ranar da aka yi shi. Wai yakan ce, hannun tsohuwata ne, duk ƙasar Katsina ba irinsa.

Iya ta ce, "Haka ya ce?"

"Haka yake cewa kullum."

Ta ce, "Allah ya jiƙan Musulmi." Ta ce wa Delu ta kawo wa baƙo ruwa. Ba ta yi kuka ba, a ranar ko a kwanakin zaman makoki. Mata suna ta yaba mata, wai dattijuwa ce ta gaske, ko mutuwa ba ta sa ta zubar da kunyar ɗan fari ba.

Ta ƙara damina huɗu a duniya. Ta ci gaba da ɗinki domin sai an ci abinci, kuma kowane maratayi da ƙofarsa, na duba. In Delu ta matsa mata takan ba mu ta kura ko ta zomo, a gajarce. Ta farke ba ta sake fitowa ba, ni ma ban tambaya ba, don a ranar da Tanko ya zo abubuwan nan biyu da na ajiye dabam dabam suka haɗu a kaina. Da ciwon ajalinta ya kama ta na zauna kusa da ita ina kasa kunne, ko za ta kira sunansa sau ɗaya. Ba ta kira ba.

Shekaru da yawa darasin da na ɗauka shi ne ƙa'ida ƙa'ida ce, wanda ya karya ta don tausayi ya yi ɓarna. Da shi na riƙe rumfata da na dawo Dutsin-Ma, da shi na tarbiyyantar da 'ya'yana, kuma na yi musu tsanani. A cikin raina na ɗora wa Iya laifi, ko da ban faɗa ba. Sai wata ranar kasuwa, furfura ta riga ta fito mini, wani tsoho ya tsaya a rumfata yana taya zabira, muka gane juna. Tanko ne. Muka zauna, na tambaye shi abin da ban iya tambaya ina yaro ba, wato sauran waɗanda ba su dawo ba. Ya lissafa mini su. Wasu ciwon gudawa ya ɗauke su, wani maciji. Shi mutumin Dabawa da suka ja Baba tare, a wani kogin gaba maratayinsa ya tsinke, jakar ta tafi da guzurinsa duka. Abin da ake ba su ba ya isar mai kaya a ka, kowa kuma nasa ya kusa ƙarewa. Ya yi kwanaki yana jan ƙafa, rannan ya zauna a gindin itace, aka ɗora kayansa a kan wani, aka wuce.

Na koma gida na rasa inda zan ajiye wannan. Wanda nasa ya saki, yunwa ta ɗauke shi. Wanda nasa bai saki ba, ruwa. Ashe abin da Iya ta ji tsoro gaskiya ne, abin da ƙa'ida ta ji tsoro shi ma gaskiya ne, kuma ba ɗinkin da tsohuwa za ta yi a Kurfi ya dawo da mutumin da aka riga aka sa a lissafin dagaci. Ta mutu ba ta san haka ba. Ni da na sani, ba wanda zan gaya wa ya amfane shi. Abin da ya rage a wuyana shi ne damina guda da take ta neman wa ɗanta hanyar hayewa, da ɓera, da masunci, da tsohon kada, ni kuma na tsaya a kanta sai ta nutsar da shi da bakinta.

Jikokina sun taɓa matsa mini in ba su tatsuniya. Na yi niyyar in ba su ta farke, in sa ɓeran a ciki. Na faɗi ɓarawo, na faɗi farar ƙaya, suka yi dariya inda ake dariya. Na kawo shi bakin kogi, ya naɗe wandonsa. Nan bakina ya ƙi. Ƙaramar cikinsu ta ce, "Sai me, Kaka? Ya haye?" Na ce mata yana nan tsaye tukuna, su tashi su yi alwala, an kira salla.